Alli a Kan Tayar Amalanke

Aubervilliers, 3 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Raliatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya karatu, yaya sanyin Lyon?

Na ɗauki alƙalami ne don ba zan iya faɗar wannan a waya ba. Raliatou, ƙarfina ya ƙare. Kin san amalanken da nake tura kwalayen takalma da shi a sito, shekara goma sha ɗaya ban yarda an sake mini wani ba. Kayan da nake turawa ina waƙa, wata biyu ke nan sai na tsaya sau uku kafin in kai bakin mota, gumi sharkaf. Likita ya ce zuciyata ƙalau take, amma me ya sani? Zuma da habbatussauda kuwa na sha har sun gundure ni.

Na rubuta takardar barin aiki, ƙarshen wata zan miƙa in koma Damagaram. Abin da ke ci mini rai shi ne in bar ki ke kaɗai a ƙasar nan, saura wata huɗu ki zama injiniya, ban ga ranar ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Abdulmumin

9 ga Maris

Raliatou, gaisuwa da fatan kina lafiya.

Amsarki ta iso. Uba ya ce ya tsufa, ɗiya ta aiko masa da guntun alli a ambulan! Na karanta bayaninki: wai taya mai juyawa taɓa ƙasa take tana ɗagawa, wadda ta cije kuwa gugar ƙasa take kamar buhun da ake ja, wahalar ta ninka. Yarinya, tun ba a haife ki ba na san mirgina ganga ya fi jan ta sauƙi. Amalankena lafiyarsa lau. Amma zan shata allin a kan tayoyin yadda kika ce, in ga ko duk suna juyawa, don kada ki ce ban ji maganarki ba.

Mahaifinki, Abdulmumin

11 ga Maris

Ɗiyata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni kam lafiya har ta yi mini yawa!

Jiya na ja layi a kan tayoyin huɗu, na roƙi Youssouf, abokin aikina ɗan Chadi, ya tura, ni kuma na durƙusa ina leƙe. Layi uku suna ta zagayawa, na tayar baya ta hagu yana tsaye ƙyam. Ashe ledar da muke naɗe kaya ce ta nannaɗe a cibiyarta har ta ƙame kamar dutse, gindin tayar ya cinye ya shafe. Ga ƙarar injuna, ga kaya sun rufe ta, wa zai ji? Wata biyu ina jan kaya a ƙasa ina zagin shekaruna.

Aka sa sabuwar taya. Na manta, na danna da ƙarfin da na saba. Amalanke ya ƙwace ya nufi ƙofa, na bi shi da gudu, hulata ta faɗi, Youssouf ya zauna a ƙasa don dariya. Ni ma na yi dariya, sannan na shiga bayan kwalaye na yi kuka. Ba na jin kunyar faɗa miki.

Takardar na yaga ta. Ranar da za a ba ki shaidar kammalawa ki riƙe mini kujera a gaba, da jirgin safe zan iso Lyon in sha Allahu.

Sauran magana ɗaya. Na yi gaggawar sanar da mahaifiyarki ina nan tafe Damagaram, har ta sa an yi wa ɗakina fenti, ta gaya wa unguwa duka. Ke da kika iya bayani, ke za ki kira ta. Ni ban da wannan ƙarfin.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki mai ƙaunarki, Abdulmumin