Rariyata Ce, Amma Ba Ni Na Huda Ta Ba

Gwaggo Lantana, don Allah ki taimake ni, ran Litinin za a kori ɗayanmu daga aiki.

Ina aikin kwamfuta a wani shirin noma mai ofisoshi a Ikara da Maƙarfi da Kudan. Na'urorinmu a haɗe suke ta waya, kowace da sunanta. Ni ke rubuta 'yan alamomin da ke tace sunayen su ware na kowane gari, abin da muke kira rariya. Na'urorin Kudan na sa musu KD da lamba, na hedikwatar Kaduna kuma KDH. Shi ya sa rariyata ke cewa KD, sai lamba kawai.

Da tsuke bakin aljihu ya zo, aka ce a yanke layin Kudan. Ranar ina Paki wajen jana'iza, sai abokin aikina Uwaisu ya yi aikin. Uwaisu fa da hannuna na koya masa, kuma mahaifiyarsa ce ta riƙe ni bayan rasuwar tawa. Don gaggawa ya cire sharaɗin lamba ya sa ɗigo da tauraro, wato KD da duk abin da ya biyo baya. Rariya ta kwashe har da na'urar Manjon soja da ke shugabantarmu a Kaduna, kwana uku ba saƙo.

A gaban kwamiti, ina zaune, ya ce rariyata ce, shi dannawa kawai ya yi. Ko kallona bai yi ba. Gwaggo, ba korar ce ke ƙona mini rai ba, cin amanar ne. Ina da takardar da na'ura ta buga, da sunansa da ranar da ya canza. In na nuna, da wane ido zan kalli tsohuwar nan?

Mai ƙunar zuciya, Ikara

AMSA

'Yata, sannu, an ci amanarki kuma ba zan ce ki danne ba. Amma tsoro ne ya kama Uwaisu, ba kowa ke iya tsayawa gaban kaki ba. Ke ma da naki: a jihar da kowa ya san KD Kaduna ce, kika raɗa wa Kudan KD? Ki amsa wannan a gaban kwamiti kafin a tambaye ki.

Ki je gidansu ran Asabar, ki nuna masa takardar a gaban mahaifiyarsa, ba zagi ba kuka. Ki ba shi zuwa safiyar Litinin ya faɗi gaskiya da bakinsa. In ya faɗa, ki roƙar masa sassauci, kuskure ai ba sata ba ne. In ya ƙi, ki miƙa takardar. Matar da ta riƙe ki ba ta raine ki don ki ɗauki laifin da ba naki ba, kuma gara ta ji daga bakinki da ta tsinta a kasuwar Ikara.

Allah ya tsare miki aikinki, ya kuma huci zuciyarki.