Tsagar Gobirawa a Gaban Mai Bincike

Inna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Baba?

Ki kwantar da hankalinki kan ɗan'uwana Sani. Da aka kama shi a kasuwar Utaika ta nan ƙasar da muke ci-rani, cewa aka yi tsagar fuskarsa alamar gungun ɓarayi ce, za a kore shi gida. Na dage a saurare mu tukuna. Na tafi gaban mai bincike da Malam Isa, wani dattijo Bagobiri mai sayar da dabino. Ya ce wa mai binciken, "Dubi tawa fuskar. Wanzami ya yi mana muna jarirai. Ni ma ɓarawo ne?" Nan take aka dakatar da korar, za a sake bincike.

Ki gaida Baba, ku sa mu a addu'a. Tsagar da ta sa aka kama shi, ita za ta fito da shi, in sha Allahu.

Ɗanki,
Bashari