Ayoyin da Na Tsallake

Litinin, da hantsi

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da jikokina biyu. Yaya aikin jinya, yaya marasa lafiyarku? Allah ya ƙara maka ƙarfi.

Ni yau da sauƙi. Kumburin ƙafa ya ragu, har na taka daga gado zuwa kujerar bakin taga ba sanda. Ido ne ya ƙi. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama kuma manyan baƙaƙe kawai yake gani. Ina iya rubutu, amma ba na iya karanta abin da na rubuta, don haka in layi ya hau kan layi ka yi haƙuri.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan da muka binne mahaifiyarka, tun ranar kuma ban ji muryarka ba. Ba ƙorafi na zo yi ba. Wani abu ne ya faru a ɗakin nan da ya kamata ka sani.

Ka tuna Mai Keke, telar da ke ƙofa da ƙofa da mu, ƙawar mahaifiyarka. Da ta ga na daina karatu, sai ta riƙa shigowa kowace safiya kafin ta buɗe shago, ta karanta mini sura ɗaya daga tsohon Littafina mai baƙin bango. A hankali take karatu, yatsa a kan layi, ba ta kuwa tsallake kome. Ko jerin sunayen kakanni ne sai ta yi kokawa da kowane suna har ta kayar da shi. Makon jiya ta kai labarin Li'azaru. Ta karanta wurin da Ubangiji ya tsaya bakin kabarin abokinsa ya yi kuka, sai ta dakata ta tambaye ni ko wane ne ya yi wa ayar shinge da fensir.

Ni ne, ɗana. Shekara talatin ina karanta muku Littafi a sujadar safe, kai da yayarka a kan benci, mahaifiyarku a bakin ƙofa, kuma ban taɓa karanta muku wannan aya ba. Haka inda ya gaji ya zauna bakin rijiya, da inda ya ji yunwa, da inda ya faɗi ƙasa a lambu yana roƙo, da ƙishin da ya ji a kan gicciye. Duk na kewaye su da fensir don idona ya san inda zai tsallake. Tsoro nake ji kada ku ji waɗannan tun kuna ƙanana ku ce ashe mutum ne kawai. Sai na ba ku wanda ya tsawata wa iska, ya yi tafiya a kan ruwa, na ɓoye muku sauran. A lokacin gani nake hidima nake yi masa.

Da ta gama karatun ta fita, abin da ya dawo mini shi ne makabarta. Ka durƙusa bakin ramin kana kuka, ni kuwa na kama kafaɗarka a gaban jama'a na ce mai bi ba ya kuka kamar marar bege, ka tashi ka daina ba mu kunya. Ka tashi. Ba ka sake kallona ba.

Na yi maka laifi. Ina so in faɗa maka haka baki da baki, tun ina da numfashin faɗa. Ka zo, ko na awa ɗaya ne.

Ka gai da matarka da yara.

Ni ne,
Babanka

Alhamis

Ɗana,

Alheri da salama su tabbata gare ka da iyalinka duka. Ina fata zazzaɓin ƙaramar jikata ya sauka.

Jikin jiya da yau ba daɗi. Ƙirji ya yi nauyi, likita ya ƙara mini ƙwaya ɗaya, ya kuma hana ni gishiri, abin da ya rage mini na jin daɗin duniya. Amma takardar matarka ta zo, Mai Keke ta karanta mini sau uku. Ta ce ka karanta wasiƙata, ran Asabar ba ka da aiki, kuma ka tambayi lokacin motar safe. Ka yi mata godiya. Yarinyar kirki ka samu.

Bari in ba ka abin dariya, ko da yake ni aka yi wa dariyar. Na ba Mai Keke labarin fensir ɗin nan ina sunkuyar da kai, kamar mai tona babban asiri. Sai ta kwashe da dariya har ta cire tabarau. Wai mahaifiyarka ta sani tun da daɗewa. Ka san ba ta iya karatu ba, amma a zumuntar mata ana karanta musu surorin a cike, kunnenta kuwa ba ya yar da kome. In na tsallake aya a gida tana ji, kamar yadda tela ke jin inda keke ya tsallake ɗinki. Ga abin da ta gaya wa ƙawarta, na rubuta shi yadda aka faɗa mini: "Malam yana gadin Ubangiji, kamar wani zai sace shi. Ƙyale shi, ni ina cike wa yara a madafa." Shekara talatin ba ta kunyata ni ba ko sau ɗaya. Ni mai takardar shaida a bango, ita ko sunanta ba ta rubutawa, ka ga wanda ya fi sanin Littafin.

Na sa Mai Keke ta bi shingayen ɗaya bayan ɗaya tana karanta mini abin da ke ciki. Na ce ta kawo abin gogewa mu share su, ta ce a'a, su ne suka nuna mata inda na fi bukata. Ina ta tunani a kan kabarin Li'azaru. Ubangiji ya san cikin ɗan lokaci zai kira mamacin ya fito. In da ni ne, da na ce wa 'yan'uwan mamacin mata su yi shiru su ga ikon Allah. Shi kuwa bai yi gaggawa ba. Ya tsaya ya yi kuka tare da su tukuna, sa'an nan ya ɗaga murya, mutuwa ta saki abin da ta riƙe. Idon da ya zubar da hawaye da bakin da ya ba da umarni na mutum ɗaya ne. Toma ma ba a bakin teku ya kira shi Ubangijinsa da Allahnsa ba, sai da ya ga tabon ƙusoshi. Abin da na ɗauka zai rage masa ɗaukaka, a nan ne ta fi haske. Shekarata tamanin da ɗaya, yanzu nake ganin haka da idon da ba ya gani.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa maka ba. Makonni bakwai ɗin da mahaifiyarka ta yi a asibiti, kai kake juya ta kowane awa biyu, kai kake wanke ta, kana jiƙa mata leɓe da auduga. Ni ina zaune a baranda da Littafi a cinya, mutane suna wucewa suna cewa dattijo mai bangaskiya. Tsoron shiga nake yi. Ta tagar ƙofa nake leƙenka, ina mamakin inda ka koyi wannan. Yanzu na san a madafa ne.

Sai ka zo. Motar safe tana tsayawa a gaban kantin magani yanzu, ba a tsohon wurin ba.

Babanka mai ƙaunarka

Asabar, da yamma

Ɗana,

Ina gaishe ka da sunan Mai Cetonmu. Ina fata lafiya kuka wuni.

Na tashi da ƙarfi yau fiye da kullum. Wanzami ya zo ya yi mini aski, na sa farar rigata, aka jawo mini kujera inda zan ga bakin titi. Ba na gane fuska daga nan, amma na san tafiyarka, kafaɗa ɗaya a karkace kamar ta kakanka. Motar safe ta sauke mutum huɗu. Ta azahar ta sauke wani dogo da jaka, har na miƙe na kama ƙofa, sai ya shiga kantin magani.

Mai Keke ta rufe shago da wuri ta zo ta zauna da ni. Ba ta ce wataƙila aiki ne ya riƙe ka ba, na kuwa gode mata da ba ta ce ba. Ta tambaya ko ta yi karatu, na ce yau a bari. Muna zaune sai na fara ba ta labarin ranar da na fara ganin mahaifiyarka, tana rera waƙa a layin baya na mawaƙan coci tana gaba da kowa da rabin baiti. Ban kai ƙarshe ba. Kukan da ban yi a makabarta ba shi ya zo, a gaban maƙwabciya, da farar riga. Ta bar ni har na gama, sa'an nan ta miƙo mini ƙyallen da ke kafaɗarta.

Kada ka ɗauka ina ƙara maka nauyi ne. Wanda aka tsawata wa a bakin kabarin uwarsa yana da ikon ya ɗauki lokacinsa, Ubangiji ma ya yi haƙuri da ni fiye da haka. Roƙona ɗaya ne, ko ka zo ko ba ka zo ba: in kana karanta wa jikokina Littafi, ka karanta musu duka.

Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka.

Babanka

Na buɗe ambulan in ƙara wannan. Motar ƙarfe shida ta wuce, ita ce ta ƙarshe. Ba ka zo ba.