Rijiyar Mahaifinka

Tarka, watan Rajab 1987

Zuwa ga ɗana Audi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya sanyin ƙasar Turawa? Mu nan da kawunka Sidi lafiya lau, ƙanwarka Hadiza ta sauka lafiya. Marasa lafiya su ne yaran wanka Dado biyu: ƙafafunsu na lanƙwashewa, haƙoransu sun yi ja kamar na tsohon mai goro. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ya tsufa a kan taɓarya kafin ya kama alƙalami.

Mushen lakkwal, malamin makarantarmu, ya warware mini aikinka. Ya ce bayan manyan ɗalibai da kake koya wa haɗa sinadarai, har inji kake koyarwa: ka yi ta nuna masa ruwa, mai kyau da mugu, har ya riƙa ganewa da kansa. Tun ranar nake mafarkinsa. Ɗan raƙumi fari nake gani, kana jansa cikin kwarin Tarka, yana sunsunar bakin rijiyoyi, taurari na iyo a ƙasansu.

Na ba direban motar Zandar kwalaben ruwan rijiyoyinmu da ka nema.

Mahaifiyarka, Raishatu

Tarka, watan Shawwal

Audi,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Na karanta har ta yi laushi. Ka ce injin na zaton ciwon yaran daga rijiyar marigayi mahaifinka yake, amma yakan yi kuskure.

Ka san al'adarmu: rijiya ba ta rufuwa sai da bakin ƴaƴa mazan wanda ya haƙa ta. Dado ya ƙi magana, kuka kawai yake. Dattawa sun ce saura kai. Sidi na cewa ruwan da ya raini farfesa ba zai karya yaro ba. Ni dai na hana jikokina sha, daga nesa muke ɗebo musu a jaki.

Kwanan nan mafarkin ya sauya. Raƙumin ya durƙusa a bakin rijiyar, mahaifinka na ƙasa da laka har gwiwa, yana miƙo masa guga. Raƙumin bai sha ba, bai kuma tashi ba.

Ranar jajiberin Layya dattawa za su zauna. Ka sake tambayar injinka in kana so, amma ba shi ya gaji rijiya ba. Ka rubuto da hannunka kafin ranar: a rufe, ko a bari. Ni zan karanta musu.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka, Raishatu