Numfashin Da Kake Nema A Cikin Faifai

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a tsakar rana, Baban yara,

Gaisuwa irin wadda busasshiyar ƙasa take yi wa ruwan farko. Ya kai wanda nake gane takunsa tun daga bakin layi, wanda tarinsa kaɗai ya isa in san yadda ya wuni a shago! Kada ka yi mamakin ganin takarda a kan kujerarka alhali rufi ɗaya ya rufe mu. Na yi ta magana da baki ba ta shiga ba, shi ne na ce bari in biyo ta ido. Rubutuna ka san shi, da girma na koye shi, yana hawa yana gangara. Ka bi shi a hankali.

Kishi nake yi, masoyina. Na faɗa, kuma ban ji kunya ba. Ba da maƙwabciya nake yi ba, ba kuma da matan da suke kawo maka gyaran rediyo ba. Da na'urorin faifan sidi guda ukun nan nake yi, waɗanda ka jera a kan kanta a falo, da kuma mawaƙiyar da ke cikin faifan nan mai tsagaggen kwali, wadda ba ka taɓa gani ba, ita ma ba ta san kana duniya ba.

Wace irin kulawa ce ba ka yi musu? Baƙar, ka ce gangarta tana da nauyi kamar tsawar da ke nesa, amma muryar mutum tana fitowa kamar daga bayan labule. Mai ruwan azurfa, ka ce sautinta tas yake kamar an buga cokali a jikin kofin gilashi, sai dai idan aka jima tana gajiyar da kunne. Tsohuwar kuwa, wadda sai an tura mata faifai da yatsa take haɗiyewa, wadda take tsalle idan babbar mota ta wuce, ka ce ita ce mai ɗumi, ita ce take sa ka ji kamar mai waƙar tana zaune a kan tabarmarmu. Ka san halin kowacce, ka san abin da take so da abin da ba ta so. Ni fa? Yaushe rabon da ka ce muryata tana da ɗumi? Yaushe rabon da ka lumshe ido don ina magana?

Abin da ya fi ci mini rai, ni ce na jawo wa kaina. Ka tuna ranar da ka shigo da tsohuwar tana sabuwa, muna ɗaki ɗaya, babbar 'yarmu tana barci a cinyata? Ka sa faifan, ka zagayo ta bayana, ka rufe mini ido da tafukan hannunka masu ƙamshin dalma, ka ce in faɗi abin da na ji. Na ce na ji matar ta ja numfashi kafin ta fara baiti na biyu, ɗan siririn numfashi kamar iska ta taɓa ganye. Ka mayar da waƙar baya, ka kasa kunne, sai ka yi tsalle har yarinyar ta farka tana kuka. Ka ce kunnena zinariya ne, ka ce ka auri dukiya ba ka sani ba. Wayyo, ranar nan! Da ana ajiye rana a akwati, da ita na ajiye.

Tun daga ranar numfashin nan ya zama ma'auninka. Duk na'urar da ta fito da shi sarai ta ci, wadda ta haɗiye shi ta faɗi. Kai ka zauna a kujerar tsakiya, ka ɗaure ido da ɗankwalina, ni in tsuguna bayan kanta ina sauya waya, kai kuma ka ɗaga yatsa ka ce wannan baƙar ce, wannan tsohuwar ce. Ba ka taɓa kuskure ba. Ina dariya, ina tafa maka, amma a raina ina cewa: dubi mijina, ya ɗaure ido da ɗankwalina yana jiran numfashin wata! Nawa numfashin yana nan kusa da kai, kyauta, ba ya buƙatar lantarki, ba ya tsalle idan mota ta wuce.

To ga shi yanzu ka ce numfashin ya ɓace. Ka ce duk ukun sun lalace lokaci guda. Ka goge musu ido da auduga, ka sauya wayoyi, ka ja sifiku gaba ka mayar da su baya, ka cire mini labulen taga wai yana shanye sauti. Ka kai mai ruwan azurfa shago ka kwance ta ka ɗaure. Ka aro ta huɗu wajen abokinka mai gyaran agogo, mutumin da ko cewa ka yi rana ta fito daga yamma kai zai gyaɗa maka, ya zo ya zauna ya shanye mini shayi yana cewa lallai na'urorin zamani ba su da gaskiya. Ka ƙure ƙara har kofuna suna rawa a cikin kabad.

Zumar zuciyata, tauraron asubata, ka yi haƙuri da abin da zan rubuta. Numfashin yana nan. Yana nan a baƙar, yana nan a mai ruwan azurfa, yana nan a tsohuwar, har a ta aron ma. Daga kicin nake jin sa, ko famfo yana zuba. Na'urorinka lafiyarsu ƙalau.

Da farko daɗi na ji, Allah ya sani. Na ce madalla, mawaƙiyar ta tafi ta bar mini mijina. Sai na ga ba ita kaɗai ta tafi ba, har da ni. In zauna a hagunka in yi maka magana, ka yi shiru. In maimaita, ka ci gaba da kallon bango. Na ɗauka wulaƙanci ne, na ɗauka hankalinka yana wajenta. Na yi fushi, na yi kwalliya, na yi fushin kuma, duk ba ka san ana yi ba. Sai ranar da na zagayo ta damanka na ce abinci ya huce, ka juyo da murmushin nan naka mai kama da fitowar wata, ka ce me ya sa ban faɗa maka tun ɗazu ba. Na koma kicin na zauna a kan turmi.

Ko a nan ma da na ci gaba da yin shiru, don na san zuciyarka. Amma shekaranjiya da safe ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonku, kai da Auta, kana riƙe da hannunta za ka tsallakar da ita titi zuwa makaranta. Mai babur ya taho ta hagunka yana danna hon kamar zai fasa unguwa. Mai shagon kusurwa ya juya, mai wankin mota ya juya, har kajin maƙwabta suka watse. Kai kaɗai ne ba ka juya ba. Ka sa ƙafa a kwalta. Yarinyar ce ta fizge ka baya da duk ƙarfinta, babur ya wuce yana shafar rigarka, kai kuwa ka duƙa kana yi mata faɗa wai ta daina wasa a bakin hanya. Da ta dawo ta rungume ni, ta ce kada in faɗa wa Baba ta ji tsoro, kada ransa ya ɓaci. 'Yar ƙaramar yarinya tana ɓoye tsoronta don ta rufa maka asiri! Tun ranar ban ci abinci ya zauna mini ba. Duk hon ɗin da na ji a titi sai na leƙa ƙofa.

Na san abin da kake gudu, rabin raina. Kana ganin mai gyaran rediyon da kunnensa ya yi nauyi, wa zai sake kawo masa aiki? Kana ganin kunnen nan shi ne sana'arka, shi ne alfaharinka, shi ne abin da ka fi kowa da shi a layin nan. Shi ya sa ka gwammace ka ɗora wa na'ura laifi. Ba zan faɗa wa kowa ba, ko mai gyaran agogo, ko ƙanwata da ba na ɓoye mata komai. Babbar 'yarmu kaɗai ta sani, ita ce ta binciko cewa likitan kunne yana ganin mutane ranar Talata a babban asibiti. Ta ce zaunar da mutum yake yi a kujera, ya sa masa sauti iri-iri, ya ce ya ɗaga yatsa idan ya ji. Ashe ba gwajin da ka fi kowa iyawa ba ke nan? Ta ce wani dattin kunne ne kawai a wanke, wani magani, wani kuma 'yar na'ura ce ƙarama da ake saƙalawa. Ban san wanne ne naka ba. Abin da na sani, daga gobe ni zan riƙa kai Auta makaranta, kuma ranar Talata zan yi wanka in shirya in tsaya a bakin ƙofa, ba zan zauna ba sai ka ɗauko hularka.

Na sani sarai, idan Allah ya sa aka dace, ba wajena za ka fara zuwa ba. Falo za ka nufa da sauri, ka tura wa tsohuwar faifai da yatsa, ka lumshe ido kana jiran matar nan ta ja numfashi. Zan ji zafi. Zan murguɗa baki, zan buga murfin tukunya da gangan. Amma na yarda, ruwan sanyina, na yarda! Ka ji ta, ka ji ni, ka ji mai babur, ka ji 'yarka idan ta kira ka daga baya. Kishin da nake yi da ita bai kai tsoron da nake ji na ranar da zan ce ina son ka, ka tambaye ni ko magana na yi ba.

Taka, ni kaɗai, a yau da gobe da ranar da furfura za ta gama rufe mu, wadda ba za ta taɓa gajiya da maimaita maka magana ba,

Maman yara.