Sunan Pyo Gyeong-ran da Muka Cire

Cikin alhini, da kunyar da ta fi alhinin nauyi, Ƙungiyar Daidaita Dokokin Saye da Sayarwa ta Gabashin Asiya, reshen Busan, ta samu labarin rasuwar babbar lauya, gwanar harsuna uku, Malama Pyo Gyeong-ran, ranar Talata, tana da shekara saba'in da ɗaya. A jarida muka gani, kamar kowane bare.

Shekara goma sha tara marigayiya ta yi tana hidimar kundin da zai sa ɗan kasuwar Busan da na Fukuoka da na Qingdao su ƙulla ciniki bisa doka guda. Ita ta gano cewa wata kalma a sashe na tara, mai asalin rubutu ɗaya a ƙasashen biranen nan uku, a wurinmu da Japanawa tana nufin alkawari, a wurin Sinawa kuwa takura. Ta ce kada a sa hannu sai an gyara. Amma an riga an kama otal don bikin sa hannu, an gayyato 'yan jarida. Shugabanmu na lokacin, mai girma Farfesa Nam Gi-tae, ya ce mata a gaban baƙi, "Baba, fassara muka kira ki, ba tunani ba." Ta ce, "To Farfesa, ai dole wani ya yi shi a ɗakin nan." Muka yi dariya, sannan muka ɗaga hannu muka cire ta daga kwamitin kundin. Da nawa hannun a ciki.

Bayan shekara biyu muka gyara sashen yadda ta rubuta, ko waƙafi ba mu taɓa ba, muka buga kundin da sunayen mutum goma sha huɗu. Babu nata.

Jiya mun aika fararen furanni zauren makoki, da sunan ƙungiya a kan ƙyalle. 'Yarta, Malama Seol Hye-rin, ta sa aka fitar da su, ta ce wanda ya ƙi rubuta sunan uwarta kada ya rataya nasa a ƙofarta. Gaskiyarta.

Don haka majalisar gudanarwa ta janye kundin, za a sake buga shi da sunan marigayiya a sama da na kowa. Muna roƙon Allah ya ba Malama Seol da jikoki da dangi haƙurin wannan babban rashi.

Gobe za a kai ta makwanci. Za mu tsaya daga wajen ƙofa sai an kira mu. In ba a kira ba, mun san dalili.

Sa hannu:
Lauya Bang Seon-hwa
Mai magana da yawun ƙungiya, reshen Busan