Hular Bututu Mai Rami Biyu

Litinin, 7 ga Afrilu
Nibaldo, mijin 'yata Eliana, ya iso da mota cike da jan bulo, wai zai sake gina bututun hayaƙin da girgizar ƙasa ta rushe mini. Ban roƙe shi ba. Mutumin da ba ya barin birnin Osorno sai Kirsimeti, yau shi ne a kan rufina. Ruwa ba ya tsami banza.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Gini ya kai sama. A miƙe yake, amma ba zai ji daga bakina ba. Maƙwabcina Segundo ya leƙo ta shinge: "Evaristo, haka 'ya'yan maƙwabciyarmu Rosalba suka fara. Gyara, fenti, sai allon sayarwa. Yanzu tana birni tana kallon bango." Na kasa cin abinci. A gidan nan matata Orfelina ta cika, nan nake so in cika.

Asabar, 12 ga Afrilu
Nibaldo ya haɗa katakon da zai zuba hular kankare ta saman bututun a ciki. Wai sai ta zarce bulo da yatsa uku, ta ɗan gangara, da tsaga a ƙarƙashin leɓenta don kada ruwa ya bi bango. Duk na ji. Amma rami biyu ya bari, ni kuwa murhuna ɗaya ne, na kicin.
"Na biyun fa?"
"Za ka gani, Baba."
Wai zan gani! Raba gidan zai yi ya zuba 'yan haya, in ma bai sayar ba.

Talata, 15 ga Afrilu
An zuba kankaren, an lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan dankali. Na kama shi yana auna ɗakina. Ɗakina!

Laraba, 16 ga Afrilu
Na ritsa Eliana tana kwaɓin burodi, na ce ta faɗa mini wa zai sayi gidan.
"Haba Baba! Bara a kujerar kicin ka riƙa kwana har sanyi ya wuce, saboda ɗakinka ƙanƙara ne. Baba Segundo ya tsegunta mana. Ka ƙi bin mu Osorno, to wuta za ta zo ta same ka a gado."
"Me ya hana shi faɗa?"
"Da ya faɗa, da ka yarda?"
Na fita duba kaji. Segundo munafuki, mai baki biyu.

Lahadi, 20 ga Afrilu
An cire katako, ga ruwan sama tun safe. Daga leɓen hular yake ɗiga, bai bi bango ba. Na miƙa wa Nibaldo makullin rumbu, ya ɗauko ƙaramin murhun ƙarfen Orfelina, wanda ban bar kowa ya taɓa ba tun rasuwarta. Don dai kada ramin ya zauna banza ne. Har yanzu ina sa masa ido. Na ce Eliana ta ƙara masa nama.